Yadda Darmaji Ya Rufe Bakin Bututu

A duk lungunmu na bayan kasuwar tsuntsaye a Semarang, ba wanda ya taɓa jin Darmaji ya ce bai sani ba. Ya taɓa yin 'yan watanni yana cika jarkoki a shagon sayar da ruwan sha kafin a sallame shi, tun daga nan kuma ya naɗa kansa masanin ruwa. In aka yi ruwan sama sai ya leƙo ta taga ya gyaɗa kai, ka ce shi ya ba da izini.

A gidan surukinsa Pak Wiryo yake zaune da matarsa Lastri. Gadon da yake kwana a kai na surukai ne, cokalin da yake cin shinkafa da shi na surukai ne, har babur ɗin da yake hura hanci a kansa na Lastri ne. Abu ɗaya tak ne nasa a gidan: wani dogon kifin ado da ake kira arwana, mai gemu biyu da ɗaurarriyar fuska, wanda ya sa wa suna Komandan. Darmaji na son kifin nan har cikin ransa, don shi kaɗai ne a gidan ke sauraronsa bai katse shi ba.

Da hannunsa ya haɗa wa Komandan akwatin gilashi a falo. In ruwa ya cika, rarar sai ta gangara ta wani farin bututu zuwa ƙaramin tanki a ƙasa, a tace ta, inji ya sake turo ta sama. Dabara ce mai kyau, kuma ba tasa ba ce, a waya ya gani. Nasa a ciki shi ne ƙarar. Bututun na haɗiyar ruwa da iska tare, yana ƙwal-ƙwal-ƙwal, can sai ya ja wani dogon zuuut irin na tsohon da ya samu romo mai zafi. Lastri ta yi magana, ya ce mata alamar lafiyar ruwa ce.

Shi kuwa Pak Wiryo tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ba mai yawan magana ba. Abin duniyarsa wani tsuntsu ne mai dogon bindi, murai, da ya sa wa suna Bintang. Kowa a unguwar nan ya san halin murai: abin da kunnensa ya ji shi yake sakawa a waƙarsa. Shi ya sa Pak Wiryo ke rataye shi kusa da kanari mai zaƙin murya, ya hana a buga tukunya kusa da kejinsa, ya hana matarsa ma yin atishawa a baranda. Gyare da ƙwan tururuwa yake ba shi, yana shirya shi don gasar gunduma ta ranar Lahadi.

Ranar Litinin da hantsi Pak Wiryo na zaune da shayinsa, Bintang ya buɗe baki ya fara zuba waƙa mai daɗi. Yana tsakiyarta sai ya kumbura wuya ya yi ƙwal-ƙwal-ƙwal, ya rufe da zuuut. Pak Wiryo ya ajiye kofin a hankali.

"Darmaji."

"Na'am, Pak."

"Ka ji?"

"Na ji, Pak. Murya ta buɗe."

"Muryar wa?"

Darmaji ya dubi bututun, bututun kuma ya amsa da kansa.

"Zuwa Asabar," in ji Pak Wiryo. "Ko bututun nan ya yi shiru, ko kifin ya bar gidan nan."

Surukar Darmaji, Bu Wiryo, ta leƙo daga kicin da wuƙa a hannu. "In zai bar gidan ta nan zai bi? In sani ko in ƙaro barkono."

Darmaji ba shi da wani wurin da zai kai kifin, kuma ya san Bu Wiryo ba ta wasa da batun barkono. Amma bakinsa ya riga tsoronsa fita.

"Asabar, Pak? Ai wannan aikin kafin a yi sallar azahar ne. Ni da na yi aikin ruwa!"

"Mas, ka kashe injin mana a huta," in ji Lastri, don Mas ake kiran miji ko yaya a nan.

"Komandan ya zauna cikin ƙazantarsa ya mutu? Lastri, ki bar wa masu abu abinsu."

Ya zagaya akwatin hannuwa a baya, ya tsuguna, ya miƙe, ya sanar cewa ya gano matsalar: bakin bututun ya yi faɗi. Ya shiga kicin ya ɗauko soson wanke-wanken Bu Wiryo ya cusa a ciki har sai da yatsansa ya yi zafi. Ƙara ta ɗauke ɗif. Bai tsaya ya ga abin da zai biyo baya ba, ya fita lungu ya zauna a bencin maƙwabciyarsu Bu Ngatini mai soya tempe, wato wainar waken soya, ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

"Bu, kin ji wani abu daga gidanmu?"

"Ban ji ba."

"To aikina ke nan. Ruwa yana jin maganata."

"Haka ne kuwa," in ji Bu Ngatini tana juya tempe a mai. "Ga shi can ma ya biyo ka."

Darmaji ya waiwaya. Ruwa ne ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofarsu, yana tafe da takalmin Pak Wiryo ƙafa ɗaya. Inji na ta turowa sama, hanyar saukowa a toshe, sai ruwan ya bi ta bakin gilashin ya sauko falo. Ya jiƙa tabarma, ya jiƙa gindin buhun shinkafa, ya ratsa har ƙarƙashin gado. Lastri ta wuni tana matse tsumma, Darmaji na tsaye a kanta yana bayanin cewa gwaji ne, kuma ya samu abin da yake nema.

Washegari ya zo da sabon ilimi. Ashe ba faɗi ba ne, iska ce. Ya samo wani lanƙwasasshen guntun bututu ya ɗora a kai, ya juya bakinsa cikin ruwa, ya toshe saman da murfin kwalba, ya ce yanzu iska sai dai ta nemi wani gidan. Ƙwal-ƙwal ɗin ta tafi, gaskiya ne. A madadinta bututun ya koyi sabon hali: ya yi lamo kamar ba ya nan, sai can ya zuƙe ruwa gaba ɗaya da wata irin gurnani, ya ƙare da ƙarar da kowa ya sani, ta masai in an ja ruwa. Ya huta kaɗan, ya sake.

Lungunmu matsattse ne, bango ɗaya ke raba gida da gida. Kafin la'asar Bu Ngatini ta yi sallama da damin ganyen gwaba a hannu.

"Bu Wiryo, waye ba lafiya? Tun safe nake jin ana shiga ana fita. A dafa masa wannan, yana tsayar da ciki."

"Lafiyarmu ƙalau," in ji Bu Wiryo. "Ilimin surukina ne ke zawo."

Darmaji ya ce su mata ba za su gane ba, wannan mataki ne da dole a bi ta kansa. Daga baranda Bintang ya karkata kai, ya saurara da kyau, ya kumbura wuya ya ja ruwan masai tsaf. Pak Wiryo ya miƙe ya lulluɓe kejin da zane, ya ɗauke shi zuwa bayan gida, wanda daga falon bai wuce tsawon tabarma ba.

Mataki na gaba, in ji Darmaji, shi ne a bar iska ta shiga amma da ladabi. Ya gasa ƙusa a murhu ya huda murfin kwalbar. Gurnanin ya tsaya. Sai ƙaramin ramin ya fara fito, siriri, mai tsawo, ba numfashi, sak irin fiton tukunyar mai tallan wainar putu da ke bin lunguna da yamma. Ba a jima ba mata suka fara fitowa da faranti. Wata ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce a ba ta mai yawan kwakwa.

"Ba waina ake sayarwa a nan ba," in ji Darmaji. "Aikin injiniya ake yi."

"To injiniya, ka daina kiran mutane da yunwa."

Bu Ngatini ta ɗaga murya daga bencinta. "Mas Darmaji, gobe me za mu ji? Jiniyar motar asibiti? Ka faɗa mana mu shirya."

"Gobe ba za ku ji komai ba!"

"Ashe ƙaura za ka yi."

Aka yi dariya har da masu wucewa. Darmaji ya koma ciki ya zauna gaban gilashin. Komandan ya zo ya tsaya daidai fuskarsa yana motsa gemu. Daga bayan gida, ta ƙarƙashin zane, Bintang ya yi fito.

Ranar Asabar Darmaji ya daina tunani ya koma cusawa. Ya zura siririn tiyon babur ta ramin. Ya ƙara igiyar leda. Ya sa safarsa ƙafa ɗaya, ya sa tsinken gora, ya naɗe bututun da tsohon zanensa ya ɗaure tamau. Bututun ya yi ƙwal-ƙwal da fito da gurnani duka a lokaci guda. Haushi ya kwashe shi, ya cire silifa ya maka masa.

Shiru.

Ya jira ruwa ya malalo, bai malalo ba. Ya leƙa ƙasa, ruwa na sauka sumul, ko ɗigo ba a ji. Bai san me ya yi ba, kuma har yau ba wanda ya sani. Ya mayar da silifarsa, ya gyara wuyan riga, ya fita baranda.

"Pak, an gama. Daidai yadda na tsara."

Pak Wiryo ya shigo ya tsaya, ya kasa kunne. "Bututu ya yi shiru," ya ce. Sai ya nuna kejin. "Wannan fa wa zai cusa masa safa?"

"Zai manta, Pak."

"Gobe za mu gani. In ya kunyata ni a gaban mutane, da kai da kifin ku san inda za ku."

Ranar Lahadi filin gasa ya cika. An rataye kejuna reras a ƙarƙashin rumfa, alƙalai na zagayawa a ƙasa da 'yan tutocinsu, masu tsuntsaye na bayan shinge suna ihu suna kaɗa hannu, kowa na kiran nasa. Pak Wiryo na tsaye ƙiƙam kamar wanda ya zo jana'iza. Darmaji kuwa ya laɓe bayan amalanken mai miyar taliya, inda hanyar gudu ta fi kusa.

Bintang ya fara da waƙar kanari, lafiya lau. Sai ya kumbura wuya. Ƙwal-ƙwal-ƙwal, zuuut, ya ja ruwan masai, ya ɗora da fito mai tsawo ba numfashi, ya dawo waƙar kanari ba tare da ya yi tuntuɓe ba, ya sake zagayowa. Tsuntsayen da ke kusa da shi suka yi tsit. Ihun mutane ya mutu. Alƙalan suka taru a ƙarƙashin kejin suna kallon sama. Mu nan abin da alƙalan murai ke nema shi ne yawan salo da tsawon numfashi, da kuma abin da ba a taɓa ji ba. Ɗaya bayan ɗaya suka kafa tutocinsu a gindin Bintang.

Aka yanyame Pak Wiryo. Shugaban ƙungiyar masu murai, Pak Sumantri, wani mai ƙiba da zobba a yatsu, ya riƙe masa hannu ya ƙi saki.

"Pak Wiryo, tsakani da Allah, wane tsuntsu ne ya koya masa wannan? Daga wane daji aka kawo shi?"

Pak Wiryo ya buɗe baki zai yi magana, sai aka ji murya daga bayan amalanke.

"Ni ne."

Darmaji ya ratso taron yana gyara gashi. Ya ce shiri ne tun daga farko. Ya ce shi ya ƙera na'urar koyar da tsuntsu da ruwa, darasi bayan darasi, kuma da gangan ya ɓoye wa surukinsa don kada sirri ya fita. Ya ce har ambaliyar falon ma tana cikin tsari.

"Da gangan?" in ji Pak Wiryo.

"Da gangan, Pak."

"To madalla. Sai ka kunna wa baƙi su ji."

"A kawo tsuntsaye!" in ji Darmaji. "Duk mai so ya zo da la'asar. Ni ba na rowar ilimi."

Sai da ya hau babur Lastri ta daki bayansa. "Mas, bututun da ka kashe jiya?"

"Wanda ya iya kashewa ai ya iya tayarwa."

Da la'asar lungunmu ya cika da babura, kowane da keji a lulluɓe a baya. Aka shigo da su falo, aka rataye wasu a taga, wasu aka riƙe a cinya. Bu Wiryo ta raba shayi, Bu Ngatini ta matso da kaskonta bakin ƙofa ta hau ciniki. Pak Sumantri ya zauna a kujerar gaba, ya yaye zanen kejinsa, ya ɗaga hannu a yi shiru. Aka yi shiru. Bututun ma ya yi.

"Yana ɗumama murya," in ji Darmaji.

Ya kwance zanen da ya naɗe shi da shi. Shiru. Ya zare tsinken gora, ya zaro igiyar leda, ya cire tiyo. Shiru. Ya cire murfin kwalba, ya cire lanƙwasasshen guntun, bututu ya koma tsirara yadda yake ranar farko. Ruwa na gangarawa sumul abinsa. Safar dai bai gan ta ba, ta shige can ciki inda hannu ba ya kai.

"Yaro," in ji Pak Sumantri, "tsuntsuna ya fara gyangyaɗi."

"Darasin farko ke nan, Pak. Sauraro."

"Mas Darmaji," in ji Bu Ngatini daga ƙofa, "ko in kawo masa ganyen gwaba? A'a, wannan ai ciki ne ya ɗaure."

Gumi ya jiƙa wa Darmaji riga. Ya yi wa bututun magana a hankali. Ya ɗan ƙwanƙwasa shi. Ya cire silifa ya maka masa, ya ƙara, bai ko yi tari ba. Sai ya kama shi da hannu biyu, ya dafa ƙafa a jikin teburin, ya ce wa jama'a su lura da kyau don ba zai maimaita ba, ya jijjiga shi da ƙarfinsa duka.

Bututun ya fito a hannunsa, tare da wani yanki na gilashin.

Ruwan bai yi ƙwal-ƙwal ba, bai yi fito ba. Gaba ɗaya ya fito, ya sauka a cinyar Pak Sumantri. Manyan mutane suka haye kujeru suna ɗaga kejuna sama da kai, tsuntsaye na ta fuffuka, kofunan shayi na yawo a ƙasa. Komandan ya biyo ruwan ya sulale ta tsakanin ƙafafu, ya nufi ƙofa da ɗaurarriyar fuskarsa. Darmaji ya yi wurgi da bututun ya faɗa kansa da ciki, ya rungume shi a ƙirji, kifin na marinsa da bindi hagu da dama.

"Lastri! Ruwa! A kawo ruwa!"

"Ruwa kuma, Mas? Duba ƙasa."

Da gudu ya kai shi bayan gida ya jefa a kwamin ruwan wanka. Kifin ya juya sau ɗaya, ya daidaita, ya ci gaba da iyo. Darmaji ya durƙusa a bakin kwamin yana haki, hawaye na zubo masa, bai ma damu da wa ke kallo ba.

Da ya fito, Pak Sumantri na matse wandonsa a baranda yana tambaya ko akwai wanda ya taɓa ɗaukar ƙarar a waya. Babu. Duk lungun an sha wahalarta, ba wanda ya ga dalilin adana ta. Baƙi suka lulluɓe kejunansu suka hau babura, wasu ko sallama ba su yi ba.

Falo ya rage daga mutanen gida sai fasasshen gilashi. Darmaji ya tsaya gaban surukinsa ruwa na ɗiga daga haɓarsa. Bu Wiryo ta tambaya ko ta ɗora mai.

"Dakata," in ji Pak Wiryo. Ya dubi kofin gasar da ke kan kabad, ya dubi Bintang. "Murai in ya daina jin abu, mantawa yake yi. Akwai gasar lardi a gaba. Na'urar kuma ka fasa."

"Zan sake haɗa wata, Pak, wadda ta fi..."

"Ba za ka sake taɓa bututu a gidan nan ba. Amma kai ka fi kowa sanin darasin, tun da kai ka tsara shi da gangan. Ko ba haka ba?"

"Haka ne, Pak."

"To kifi zai zauna a kwami. Kai kuma ka san aikinka."

Tun daga ranar, duk wanda ya bi ta lungunmu da hantsi zai ga Darmaji a baranda kan 'yar kujera, gaban keji, da kofin ruwa a hannu. Ya kurɓa, ya ɗaga kai sama, ya yi ƙwal-ƙwal-ƙwal a maƙogwaro, ya ja zuuut, ya yi gurnanin masai, ya rufe da fito. In Bu Ngatini ta tambaye shi ya aiki, sai ya haɗiye ya ce mata a duk Semarang shi kaɗai ne malamin tsuntsu da ba ya buƙatar wutar lantarki.

Pak Wiryo na gefe da shayinsa, ido a lumshe, yana saurare.

"Ka cika sauri a wurin masan," ya ce. "Sake."

Darmaji ya ƙara ruwa a kofi.